Aƙilu da Gayyar da Babu Ganga

Aƙilu ɗan Mutari abokina ne, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A garinmu, Gidan Jika, cikin ƙasar Babankatami, yaran yanzu ba su san wannan suna ba. Amma ka ce musu Tukunna, nan da nan za su yi dariya su kama waƙa. To, mutumin da ke cikin waƙar nan yana da uwa da uba, ya yi aure, ya haifi ɗiya, kuma ga yadda ya yi zamansa.

A bukkokin bayan gari aka haife shi. Kakansa akalar raƙuma yake ja wa wasu masu kiwo na arewa, shi da iyalinsa duk a hannunsu suke. Da zamani ya juya, iyayengijin suka yi gaba suka bar shi nan. Mutanen gari suka ba shi wurin noma, amma ba a fadama ba. Can bisa tudu aka nuna masa, fako mai tsakuwa, inda hauya take ƙara kamar ta bugi tukunyar ƙarfe. Jikokinsa suna sallah sahu ɗaya da kowa, Hausa suke yi kamar kowa. Sai dai in magana ta yi zafi, akan tuna musu da akala.

Tun yana yaro Aƙilu yake da wata kalma a bakinsa. In aka tambaye shi ko ya iya abu, ba ya cewa a'a. Sai ya ce, "Ban iya ba tukunna." Haka ya ce wa mai ɗinkin ƙwarya, ya zauna gabansa har ya iya. Haka ya ce wa magina a Abijan, shekarar da ya tafi bida, wato ci-rani. Da aka buɗe karatun manya a garinmu, ya je da gemunsa ya zauna bisa tabarma. Malamin, wanda muke ce wa mushe, ya tambaye shi ko ya iya rubuta sunansa. "Tukunna, mushe," in ji shi. Aka yi ta dariya. Kafin damina ta faɗi, ga sunan nan rubuce da gawayi a jikin rumbunsa, harafin farko ya fi sauran girma.

Yana da wani hali kuma. In ya sa ido a kan aiki, duniya ta ɓace masa. Wata rana matarsa Zali ta ajiye masa ƙwaryar fura kusa da ƙafarsa yana tuƙar igiyar guga. Akuya ta zo ta shanye tas, har ta lashe ludayi, bai ɗaga kai ba. Da ya gama ya ga ƙwarya wayam, sai ya ce wa Zali furar yau ta yi daɗi. Zali ta yi shekaru tana ba mata wannan labari, tana dariya har da hawaye. Wannan tun kafin sunansa ya zama abin da take jin nauyin faɗa a bakin rijiya.

Bayan babbar yunwar nan ta 1974, itatuwan tudu suka ƙare, wasu fari ya kashe, wasu gatari. Ruwan sama ya rasa abin da zai riƙe shi. Sai ya riƙa gangarowa a guje, ya tsaga ƙasa, ya yi kwazazzabo a gabashin gari. Kowace damina sai ya ƙara faɗi, gaɓarsa tana zubewa, tana matsowa wajen rijiya. Rijiya ɗaya ce a Gidan Jika, kakanni suka haƙa ta cikin dutse. Kowa ya san ranar da ta rufta, garin ya tashi. Masu fadama suna da dangi a Buza da Madawa waɗanda za su karɓe su. Su Aƙilu ba su da kowa a ko'ina. Fakon nan da rijiyar nan su ne abin da suka gada.

A cikin waɗannan shekaru aka ce kowane gari ya tayar da samariya, wato ƙungiyar matasa, a naɗa mata sarki. Ƴaƴan manyan gidaje suka duba suka ga sarautar shara ce da bugun tubalin lakwal, wato makarantar boko, ko rawani babu. Hakimi Dauda, mai garin, ya ce, "A ba Aƙilu, shi ba shi gajiya." Mahaman, ɗan ƙanen hakimin, ya ɗaga murya a cikin taro ya ce, "Kai, ka iya sarauta kuwa?" Tun kafin Aƙilu ya buɗe baki aka fara dariya, don kowa ya san amsar. Ya yi murmushi ya ba su abin da suke jira.

Da wasa suka ba shi, amma shi bai ɗauke ta wasa ba. Ko mako bai yi da naɗi ba ya kira gayya, a tare kwazazzabon da ginin dutse tun daga sama, kafin ruwa ya iso kusa da rijiya.

A ƙasarmu gayya ba ta yiwuwa sai da ganga. Mai gangar garinmu Rabo ne, ya gaji kiɗa wajen ubansa, kuma ya iya. Yakan rataya gangarsa ya bi bayan ma'aikata, ya kira sunan saurayi da na ubansa da na budurwarsa, saurayin nan ya ji kamar ya ɗauki tudun gaba ɗaya. Ranar gayyar farko haka aka yi. Samari suna gudu da duwatsu bisa kai, suna jefawa, suna komawa a guje, ƴan mata suna guɗa, Rabo yana wasa wanda ya fi kawowa. Kafin azahar gini ya wuce tsayin mutum. Aka ci tuwo, aka yi wa Rabo kyauta, kowa ya koma gida yana jin ya yi abin kirki.

Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe ginin kamar tarin ƙaiƙayi.

Mutane suka ce ikon Allah, suka ci gaba da nomansu. Aƙilu kuwa duk ranar da hadari ya taso da rana, sai ya ɗora buhu a ka ya tafi bakin gaɓa ya tsuguna. Yana kallon inda ruwa yake bugu, da inda yake juyawa, da inda yake cizon ƙasa ta ƙarƙashi. Masu wucewa suna cewa, "Sarkin samari, kihi kaka jira?" Ba ya jinsu. Ba wai yana share su ba ne, da gaske ba ya ji.

Da rani ya sake kiran gayya. Ya ce duwatsun bara sun yi ƙanana, a kawo manya, a ƙara tsawo. Rabo ya buga, samari suka yi gudu, gini ya tashi ya fi na bara. Wannan karon da ya faɗi, ruwan da ya taru bayansa ya fito da fushi, ya gutsure gefen gonar hakimi, ya kwashe komin da dabbobi suke sha a bakin rijiya. Mata suka riƙa jan ruwa suna leƙen rami a bayansu.

Aƙilu bai ce laifin kowa ba ne. Ya shiga cikin kwazazzabon ya yi ta juya ragowar ginin, dutse bayan dutse. Ya ga cikinsa duk rami ne. Duwatsun a tsaye suke bisa tsininsu, kowane yadda aka jefa shi, babu wanda ya kwanta ya riƙe ɗan uwansa.

A hanyarsa ta komawa gida ya bi ta gonar Inna Cima, wata tsohuwa gwauruwa da take noma fako kusa da nasu. Shekara da shekaru yana wuce ƴan layukan duwatsun da ta jera a gonarta, waɗanda muke ce wa gandari, ba su kai gwiwa ba, bai taɓa tsayawa ya dube su ba. Ran nan ya tsaya. Bayan kowane layi ga ƙasa mai laushi ta taru, ga hatsi ya yi baƙi don ƙoshi. Ya tsuguna ya gaishe ta.

"Inna, ƙaƙa naki ba shi hwaɗuwa?"

"Ni ban tare ruwa ba, ɗana. Wa ni da tare ruwa? Barinai nika yi shi wuce, shi bar min ƙasata."

"Koya min."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Sarki guda? Wurin tsohuwa?"

"Sarkin bai iya ba tukunna, Inna."

Ta ɗauki dutse ɗaya ta aza. Ta juya shi. Ta ɗaga, ta share ƙasar da ke ƙarƙashi da yatsa, ta sake juya shi, ta taka shi da ƙafa, ya motsa, ta ɗaga ta sake. Sai da ya zauna daram sannan ta miƙa hannu ga na biyu. Aƙilu yana kallon hannun nan nata, sai gayyar ta faɗo masa a rai. Ya tuna samari suna jefa dutse suna juyawa a guje, don Rabo wanda ya fi kawowa yake wasawa, ba wanda ya fi azawa ba. Mutumin da ganga take kira ba zai tsaya juya dutse ba. Ya gane abin da yake kayar masa da gini, kuma ya ji tsoron abin da ya gane.

Da rani na uku ya zo ya sake kiran gayya. Ya tsaya ya yi wa mutane bayani: wannan karon ginin gajere ne mai faɗi, za a haƙa masa gindi, a shigar da kunnuwansa, wato ƙarshensa biyu, cikin gaɓa, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Ba su gama saurare ba Rabo ya saki ganga. Samari suka zabura. Aƙilu ya ɗaga hannu, ba wanda ya kula. Ya yi kira, ganga ta danne muryarsa. Duwatsu suka fara zuba cikin ramin gindin kamar dā. Sai ya taka ya je ya ɗora tafinsa bisa fatar gangar.

Kiɗa ya tsaya. Ƴan mata suka haɗiye guɗarsu.

"Rabo, yi haƙuri. Yau ba mu son kiɗi."

Rabo ya dubi hannun, ya dubi mai hannun. "Mi kac ce?"

"Kiɗin na ka sa su gudu. In suna gudu ba su azawa. Gangag ga ta ka kayar muna da gini."

"Gangata?" Rabo ya juya ga jama'a yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Kun jiya? Gangad da ubana yab buga ma kakannin hakimi, ita ta ka kada dutsi! Ba ruwa ba, ba wautar mai gini ba. Ɗauke hannunka, Buzu. Tun da anka kahwa garin ga, ba a taɓa riƙe ma gidanmu hwata ba."

Aƙilu ya ɗauke hannunsa, amma bai janye maganarsa ba. Idonsa ma ya riga ya koma kan ramin gindin. Rabo ya saɓa gangarsa ya tafi. Mahaman ya kaɗe hannunsa ya ce shi ba ya aikin makoki, ya bi bayansa. Samari suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka bar Aƙilu da Zali da Inna Cima, da waɗansu matan da mazansu suka tafi bida, waɗanda su ne kullum suke tsayawa bakin rijiyar suna ganin ramin yana matsowa.

Ba a yi kasuwa biyu ba waƙa ta fito. Rabo ya yi mata kiɗa mai daɗi, mai shiga jiki. Shi yana bayarwa, jama'a suna amsawa da kalma ɗaya:

Jikan mai akala, kakanka ya ja raƙumi,
Kai ga ka kana jan dutsi.
An ba ka gari? Tukunna!
An ba ka hwadama? Tukunna!
Ka zama ɗa? Tukunna!

A wurin suna aka fara yin ta, sannan wurin biki, sannan ƴan mata suka kai ta dandali. Kalmar da mutum ya rayu da ita tun yana yaro, wadda ta koya masa duk abin da ya iya, aka ɗauke ta aka mayar da ita bulala. In ya doso masallaci yara su bi shi daga nesa suna tafi. In Zali ta iso rijiya sai hira ta tsaya, wata ta yi tari, wata can baya ta ce "tukunna" ƙasa-ƙasa, a fashe da dariya.

Wata rana da hantsi ɗiyarsu Suwaiba, lokacin haƙoranta na gaba sun fara zuba, ta shigo gida tana tsalle tana tafi. "Ka zama ɗa? Tukunna! Ka zama ɗa? Tukunna!" Daɗin waƙar kawai take ji. Zali ta ɗaga muciya. Aƙilu ya riƙe hannunta.

"Bar ta. Ba ta san abin da taka hwaɗi ba."

"Maigida, ni na sani," in ji Zali. Ta ajiye muciyar ta shiga ɗaki.

Ran nan bai je wurin gini ba. Ya zauna ya juya abin da ya faru kamar yadda ya juya ragowar duwatsu, ya ga inda nasa ya tsaya bisa tsini. Gaskiya ya faɗa, amma a gaban ƴan mata ya faɗe ta, ga mutumin da gangar nan ita ce abincinsa da mutuncinsa. Ya tashi ya nufi gidan Rabo. Ya same shi a zaure yana ɗaure tsarkiyar ganga, da waɗansu samari zaune. Ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

"Rabo, na zo ba ka haƙuri. Na yi kure. Da gida ya kamata in same ka mu yi magana, ba cikin mutane ba. Ka zo ka buga muna da marece in mun tashi aiki, kowa shi ji daɗi."

Rabo bai ɗaga kai ba. "Sarki da kainai?"

"Ban iya magana da mutane ba tukunna. Ina koyo."

Samarin suka tuntsire. Rabo ya buga cinya. "Kun gani? Har gida ya kawo min sabon baiti, ban ko roƙa ba!" Ya share hawayen dariya. Sannan ya dubi Aƙilu, ya rage murya kamar mai ba da shawara. "Waƙa ta hita, Buzu. Ran kasuwar Babankatami wani makaho nij ji shina yin ta, har ya ƙara mata abin da ni ban sa ba. Ko na bari, su ba su bari. Tashi ka tahi wurin duwatsunka."

Washegari aka ji sabon baitin a dandali. Ka iya magana? Tukunna!

Ya koma wurin duwatsunsa. Kowace safiya, bayan mata sun gama daka, sukan haɗu a kwazazzabon. Babu kiɗa, babu guɗa, sai ƙarar dutse yana haɗuwa da dutse. Aƙilu ya sake salon shugabancinsa gaba ɗaya. Ya daina tsayawa a sama yana nuni. Ya ba kowace mace ɗan wurinta, ya ce kada ta dubi na wata, kada ta ƙirga abin da ta aza, ta dai tabbata wanda ke hannunta ya zauna. In wata ta ce ba ta iya ba, sai ya ce, "Ni ma bara ban iya ba, zo mu juya shi tare." Ya sa Inna Cima ta riƙa bi tana taka kowane dutse, har nasa. Sau da yawa takan shure nasa ya gangara, ta ce, "Wanga rawa shika yi, ɗana, ko Rabo ka ɓoye cikin rigarka?" Matan su yi dariya, shi ma ya yi, ya ɗauko ya sake. A duk garin, nan ne kaɗai ake yi masa dariyar da ba ta ciwo.

Wani lokacin samari sukan zo su zauna bisa gaɓa su yi musu waƙar, suna jefa ƴan tsakuwa. Matan sukan tsaya, ransu ya ɓaci. Shi kuwa in hannunsa yana kan dutse, ko a kunnensa aka yi ba ya ji. Sai a hanyar gida take samunsa. Zali ta ce wani lokacin yakan tsaya a bayan rumbu ya jingina goshinsa da shi, ya daɗe, sannan ya shigo ya yi sallama kamar ba komai.

Gab da damina aka ji cewa za a kai sarakunan samari wasa a birnin Tawa, a ba su riguna iri ɗaya. Nan take sarautar shara ta yi farin jini. Hakimi Dauda ya kira Aƙilu a ƙofar gidansa, gaban dattawa.

"Samari sun ƙi ka. Sarkin da mata ɗai ka bi nai, mi a sunanai?"

"Ranka shi daɗe, a bar ni in ƙare ginin. Kunne guda ɗai yar rage."

"Wa ya hana ka jidar dutsi? Gadonku na ɗaukar kaya. Sarauta dai mun ba Mahaman."

Waɗansu dattawa suka riƙa kallon ƙasa. Rabo ya buga wa sabon sarki har la'asar.

Ruwan shuka ya sauka kunnen gabas bai gama shiga cikin gaɓa ba. A ƙasarmu ta Adar wanda ya bari laimar farko ta wuce shi, ya san abin da ya yi wa rumbunsa. Gari ya watse zuwa gonaki, har matan da suke taya shi, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Zali ta tsaya da ƙwaryar iri a hannu.

"Maigida, kowa ya tahi shibka."

"In kunnen ga bai shiga ba, ruwa nan za shi bi. Daga nan sai rijiya."

"Rijiyar ta mu ɗai ta? Waɗanda ka yi ma waƙa ba su sha?"

"Suna sha. Amma su in ta hwaɗi suna da wurin zuwa."

Zali ta ja Suwaiba suka hau tudu su biyu. Abin da mace ɗaya da yarinya suka iya shukawa kafin ƙasa ta bushe, shi ke nan abin da gidan ya shuka a kan kari. Aƙilu ya ƙarasa kunnen shi kaɗai, yana mirgino duwatsun da sai mutum biyu suke ɗauka. A nan ne wani abu ya tsage masa a mara. Ya ɗaure da rawani ya ci gaba.

Babban ruwan ya zo wata ranar Laraba da rana tsaka. Da ya tsagaita, aka ji kwazazzabo yana ruri. Gari ya fito, babba da yaro, aka jeru bisa gaɓa don a ga faɗuwa ta uku. Rabo ya zo da gangarsa a rataye, ya riga ya shirya baitin da zai sa. Ruwa ya iso ja wur, ɗauke da ƙaya da kara. Ya bugi ginin. Ya taru, ya hau, ya bi ta samansa a shimfiɗe, wani yana tsiyaya ta tsakanin duwatsu. Ƙarfinsa ya karye. Ya wuce ta gefen rijiya a hankali, bai gutsuri ko tafin hannu na gaɓa ba. Aka jira. Ruwan ya ja baya, ga gini nan zaune, bayansa cike da laka mai laushi.

Mutane suna satar kallon Aƙilu, suna kallon Rabo. Rabo ya gyara ratayarsa, ya ɗaga gula, ya saki kiɗa.

"Mahaman sarkin samari! Ɗan masu gari, wanda yat tare ruwa! A zamaninka rijiya ta tsira!"

Mahaman ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Ƴan mata suka rangaɗa guɗa. Inna Cima ta tofar da yawu ta juya ta tafi. Zali ta dubi mijinta don ta ga yadda abin ya same shi. Yana tsugune da buhunsa a ka, idonsa a kan kunnen gabas. Ya taɓa ƙafarta ya nuna da yatsa.

"Kin ga wancan? Bai zauna ba. In ruwa ya janye sai in gyara shi."

Lakar da ta taru bayan ginin ta zama ƙasa mai kyau. Da yake tana maƙwabtaka da gonar hakimi, gidan hakimi suka shuka dawa a ciki. Baƙi suka zo daga Buza suka duba aikin, Mahaman ya zagaya da su cikin rigarsa ta Tawa. Rumbun Aƙilu kuwa a shekarar bai kai su tsakiyar rani ba. Duk da haka kowace shekara kafin ruwa, ba wanda ya aike shi, sai a gan shi cikin kwazazzabon, hannu ɗaya riƙe da mara, yana taka duwatsu ɗaya-ɗaya yana gyara wanda ya motsa. Ya ƙara waɗansu ƙananan gine-gine biyu can sama. Inna Cima ta rasu, ya zama ba mai shure masa dutse, sai ya riƙa shure wa kansa.

Da farin 1984 ya zo, fako bai ba da ko kara ba. Aƙilu ya bar wa Zali ɗan abin da ya rage, ya tafi Madawa dakon buhunan albasa, da ciwon nan nasa. Ya yi zaton a can ba wanda ya san shi. Ranar da ya fara aiki wani ɗan kamasho ya tambaye shi garinsu. Da ya ce Gidan Jika, sai mutumin ya washe baki ya ce, "Garin Tukunna! Ka san shi? An ce wani mahaukacin Buzu na." Aƙilu ya ce ya san shi. Ya sunkuya aka ɗora masa buhu.

Ciwon ya kayar da shi a ranin da ya biyo. Da labari ya iso na je na same shi kwance a wata rumfa bayan tasha, ya rame har ban gane shi ba sai da ya yi murmushi. Ya tambayi Zali da Suwaiba. Ya tambayi kunnen gabas. Sannan ya kafa idonsa a kan rufin rumfar, irin kallon nan nasa na mai juya dutse.

"Na yi ta tunani," in ji shi. "Ba hana kiɗin ya kamata in yi ba. Da Rabo nit tambaya tun hwarko, ko akwai kiɗin da aka yi sannu-sannu, wanda mutum ka aza dutsi da shi. In babu, shi ƙago. Ya iya, ai ka ji waƙar da yay yi min. Da shi ma ya koyi wani abu."

Bai kai damina ba. A Madawa aka rufe shi, mu kaɗan ne a kan kabarin.

Rijiyar Gidan Jika tana nan. Ginin yana nan, ciyawa ta rufe shi har baƙo ba zai san hannu ne ya aza ba, ana ce masa gandarin Mahaman. Rijiyar tana da zurfi, gugan sai mata uku suke ja. Tuni suka gano cewa waƙar Rabo ta yi daidai da jan igiya: ɗaya ta bayar, sauran su ja su amsa. Yawancinsu amare ne daga wasu garuruwa, ba su san ko wa ake nufi ba.

Zali ta tsufa, idonta ya rage gani. Takan bari sai rana ta take, lokacin da take zaton babu kowa, sannan ta ɗauki tulunta. Amma ba ta iya jan gugan ita kaɗai. Sai ta tsaya gefe ta jira wasu su zo. Su gaishe ta, su ce, "Kawo tulun, Inna, mu cika miki." Su kama igiya, ta gaba ta ɗaga murya.

"Ka zama ɗa?"

Zali takan riƙe bakin tulun da hannu biyu har ya cika.